Wa Ya Zuba Mini Bama? Sharhi Kan So da Ƙin Mahaɗin Abinci a Sakkwato

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Mabera, ana tsakiyar zafin Afrilu, aka fito wa maza da abinci ƙarƙashin rumfa bayan Azahar. Shinkafa dafa-duka ce da yankan kaza, a gefe kuma an tula haɗin kabeji da karas wanda ya sha bama har ya yi fari fat. Kawuna, yayan mahaifiyarmu, wanda ya taso daga Wurno tun da asuba, ya buɗe tasa robar ya tsura mata ido kamar an miƙa masa sammaci. Ya sa bayan cokali ya ture haɗin gefe, sai ya ga ruwansa ya riga ya gangara cikin shinkafar. Ya mayar da murfi ya rufe, ya dube ni.

"Kai, wanga hwarin abu mi na?"

Na ce, "Bama ce, Kawu."

Ya ce, "To, Allah shi ba masu ci lahiya. In akwai tuwo cikin gida a samo min."

A tabarmar da ke kusa da tamu kuwa, samari uku ne ke ja-in-ja kan robar da ta fi yawan haɗin.

Mutumin nan da ya rufe roba, ni na san abin da yake ci. Miyar karkashi da za ka ɗaga loma yauƙinta ya biyo ka har baki, ita ce farin cikinsa. Daddawar batso da in an jefa a miya maƙwabta sai sun sani, shi cewa yake miya ba ta yi ba in babu ita. Man shanu kuwa sai ya kwanta a kan tuwo ya yi tafki. Wanda ke cin waɗannan duka da santi, me ya gani a cokali biyu na bama da ya tayar masa da zuciya? Tun ranar nake juya tambayar, kuma na lura amsar da kowane ɓangare ke bayarwa ba ta kai ba. Masu ƙi na cewa abincin Turawa ne, ƙazanta ce, tana sa ciwo. Masu so na cewa ƙauyanci ne da rashin wayewa. Kowa ya taɓa gefen gaskiya ya wuce.

Sunan ma aro ne a kan aro. Turawa mayonis suke ce mata. Mu sunan kamfani muka ɗauka muka rufa wa duka, kamar yadda kowane garin wanki ya zama omo, kowane dunƙule ya zama magi. Babu ruwan sunan da garin Bama na jihar Borno, daga Alabama ta Amurka ya samo asali. Labarin da aka fi yaɗawa kan mafarinta shi ne na shekarar 1756, lokacin da Faransawa suka ƙwace tashar Mahon a tsibirin Minoka daga hannun Ingila, wai daga sunan Mahon ɗin aka samo kalmar mayonis, ko da yake masana tarihin abinci har gobe suna musu a kai. Abin da ba musu shi ne, zuba ta a kwalba a kai kanti aikin farkon ƙarni na 20 ne: wani Bajamushe mai shagon abinci a New York, Richard Hellmann, yana cikin waɗanda suka fara, wajen 1913. A Ingila kuma kamfanin Heinz ya fito da ƙanwarta mai ruwa-ruwa, wadda muke kira kirim ɗin salak, a 1914. Ta wannan ƙofar ta Ingila salak mai waken gwangwani da dafaffen ƙwai ya shigo Nijeriya, ya zauna a gidajen ma'aikata, daga nan ya gangaro gidan biki. Akwai ƙofa ta biyu da mutanen Sakkwato suka sani: duk wanda ya tsallaka Illela ya shiga Ƙwanni ya ga yadda ake tsaga dogon burodin nan na Faransawa a shafe cikinsa da ita.

To mene ne a ciki? Abu uku ne, kuma babu baƙo a cikinsu: mai, gwaiduwar ƙwai, da tsami, ko dai khal ko lemun tsami. Sai ɗan gishiri. Kowace mace ta san mai da ruwa ba sa shiri; ka zuba su a kwalba ka girgiza, da ka ajiye man zai taso sama. Gwaiduwa na ɗauke da wani sinadari, lesitin, mai kai biyu, ɗaya na riƙe mai ɗaya na riƙe ruwa. In ana ɗiga man kaɗan-kaɗan ana bugawa, sai ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, gwaiduwa ta lulluɓe kowane ɗigo ta hana shi komawa ga ɗan'uwansa. Cunkoson ɗigon nan ne ke ba ta kauri, shi ne kuma ke sa ta yi fari alhali man da aka zuba ruwan ɗorawa ne. Gwaiduwa ɗaya na iya shanye kofi guda na mai. A dokar Amurka ma ba a yarda a kira abu mayonis ba sai mai ya kai kashi 65 cikin ɗari na nauyinsa.

Abin da ya ba ni dariya da na fahimci wannan shi ne, aikin da Bafulatana ke yi kullum ke nan, sai dai ita a juye take yin sa. Nono ma ɗigon mai ne a warwatse cikin ruwa, shi ya sa yake fari. Ita tana kaɗa gora don ta tara man wuri ɗaya ta raba shi da ruwa, mai haɗa bama kuma tana bugawa don ta warwatsa mai cikin ruwa. Kawu yana shan kindirmo da fura kullum, fari, mai kauri, mai tsami. In ka zuba kindirmo da bama a kwano biyu ka ajiye nesa kaɗan, sai ya matso kafin ya bambance.

Aikin da take yi a abinci ma ba sabo ba ne a wurinmu. Ɗanyen ganye ko dafaffe shi kaɗai ba ya tafiya a maƙogwaro. Yana neman maiƙo, da gishiri, da ɗan tsami ko yaji. Iyayenmu sun warware wannan tuntuni da kwaɗo, ko datu kamar yadda muke cewa. A dafa zogale ko rama ko tafasa, a matse, a daka ƙuli-ƙuli da tonka, wato barkono, a dama shi da ɗan ruwa, a yanka albasa da tumatir, a ɗiga mai. Damammen ƙulin nan da ke manne wa kowane ganye, gurbin da bama ta shiga ke nan. Ba banza ba wasu ke ce wa salak kwaɗon Bature.

Saboda haka harshe kaɗai ba zai bayyana ƙin ba. Idan ka matsa wa mai ƙin bama da tambaya, da wuya ya ce maka ɗaci ko bauri. Kalmomi uku za ka ji: ƙarni, santsi, da ginsa. Ƙarni shi ne babba. Bahaushe yana da tsananin ƙyamar ƙarnin ƙwai. Ka duba yadda ake wanke kofin da aka fasa ƙwai a ciki sau biyu da lemun tsami, kuma mai gida ya sha ruwa da shi ya ce har yanzu yana ji. Da mutum ya ji cewa farin abin nan ƙwai ne wanda bai ga wuta ba, hancinsa ya fara jin ƙarnin tun kafin a buɗe kwalba. Santsin kuma na daban ne da wanda ya saba. Yauƙin kuka da kuɓewa da lalo yana zuwa da zafi, kore ne ko baƙi-baƙi, ka san ganye ne. Wannan kuwa fari ne, mai sanyi, yana nan a kwance ba ya motsi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pennsylvania, Paul Rozin, ya daɗe yana nazarin ƙyanƙyami, kuma abin da ya nuna shi ne, mafi yawan abin da mutum ke ƙyama yana da alaƙa da dabba ko da abin da ke fita daga jiki, kuma tunanin asalin abu ya fi ɗanɗanonsa ƙarfi. Ba sai na faɗi abin da masu ƙin bama ke kwatanta ta da shi ba, wataƙila mai karatu na cin abinci.

Sai dai wannan wuƙar tana yanka ta kowane gefe. Na taɓa raka wani baƙo daga ƙasar waje cin tuwo, aka kawo miyar kuɓewa ɗanya. Ya ɗaga loma ya ga zare na biye da ita, ya mayar a hankali, ya goge hannu, fuskarsa sak irin ta Kawu a Mabera.

Malamanmu suna da labarin da ya fi kowane bayani dacewa da wannan, kuma yana cikin Bukhari da Muslim. An kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo, sai ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne. Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, don haka ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Abu biyu nake gani a nan. An kira dalilin ƙin da sunansa, wato rashin sabo, ba a lulluɓe shi da wata hujja ba. Kuma wanda ba ya so bai hana mai so ba, mai so bai yi wa wanda ba ya so gori ba. An kuma ruwaito cewa bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Khal ɗin da ke ba bama tsaminta ma, a Muslim an ruwaito ya yabe shi a matsayin mahaɗi.

Sabon nan kuwa tun daga ciki yake farawa. A wani bincike da Julie Mennella da abokan aikinta suka wallafa a 2001 a Amurka, matan da suka riƙa shan ruwan karas a ƙarshen goyon ciki ko lokacin shayarwa, jariransu sun fi karɓar koko mai karas ba tare da yamutsa fuska ba. Ƙamshin tafarnuwa ma an tabbatar yana ratsawa cikin nonon uwa. Ka ɗora wannan a kan yaron da aka haifa a gidan da mai jego ke kwana arba'in tana cin gasasshen nama da yajin jego, da miya mai daddawa. Kafin ya iya zama an riga an rubuta masa abin da ake kira abinci. Tonka kanta ba a haifi kowa da sonta ba. Zafinta ba ɗanɗano ba ne, sinadarin da ke cikinta yana taɓa jijiyar da ke jin ƙuna, gano wannan jijiya ma na cikin abin da ya ba David Julius kyautar Nobel a 2021. Yaro na kuka ranar farko da yaji ya taɓa masa baki. Yana ganin manya na ci suna gumi suna ƙarawa, a hankali har ya zama ba ya iya cin ɗanwake babu shi. Yaran da ke tasowa yau a Arkilla da Gawon Nama da burodi da bama a kwandon makaranta, hanyar nan suke bi. Nan da shekara hamsin su ne tsofaffin da za su rufe roba don an zuba musu wani abin da ba mu san sunansa ba tukuna.

Hujjar "ba namu ba ne" ita ce mafi rauni, duk da ita aka fi ɗagawa. Barkono da tarugu da tattasai da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita daga Kudancin Amurka take, rogo ma haka, masara kuma daga Meziko. Kanumfari daga tsibiran Indonesiya ya taso, sunansa kuma daga Larabci muka karɓa. In za a tsame baƙi daga kwanon yaji, kimba da masoro da citta mai 'ya'ya ne za su rage, sai gishirin da ayari ke kawowa daga Bilma. Abin da muke kira na gado shi ne baƙon da ya daɗe har aka manta ranar zuwansa.

An ma yi irin wannan rigima a idon iyayenmu, kuma mun ga yadda ta ƙare. Dunƙulen magi, wanda kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fito da shi a 1908, ya shigo ya tarar da daddawa a kan kujerarta. A wannan shekarar dai wani masani a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romo garɗinsa, wanda daga baya aka sayar da sunan Ajinomoto, mu kuma muka ce farin magi. Sinadarin nan shi ne daddawa ke bayarwa tun fil azal. A dafa kalwa tsawon yini, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita suna farfasa furotin ɗinta su saki garɗin, su kuma saki warin da ya sa 'yan boko suka fara ɓoye ta. Tsofaffi sun ce magi na kashe jiki, matasan wancan lokaci sun ce daddawa na wari. Yau je ki leƙa tukunyar miyar sure a kowane gida: dunƙule biyu, daddawa guda, suna tafasa tare. Abin da ya kamata a yi wa magi faɗa a kai ma ba a cika ambata ba, wato kusan rabin dunƙulen gishiri ne, a ƙasar da hawan jini ya yi yawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini.

Duk da haka ba zan ce Kawu ba shi da gaskiya ba. Akwai wurin da tsoronsa ya fi wayewar samarin nan hankali, shi ne batun zafi. Ka dubi mahaɗan da muka gada ɗaya bayan ɗaya. Yaji busasshe ne. Ƙuli-ƙuli an matse mansa an soya shi ya bushe ƙarau. Daddawa an ruɓar da ita da gangan sannan aka shanya. Man shanu ana soya shi da albasa har ruwansa ya ƙone, ya yi watanni a kwalba. Kuka da kuɓewa gari ne. Kilishi kansa dabarar tsere wa rana ce. Kowanne an gina shi ne don garin da zafinsa ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu da Mayu, ba firji ba ƙanƙara. Bama kuwa ɗiyar ƙasar sanyi ce, an yi ta da zaton akwai wutar da ba ta ɗaukewa.

A nan ma sai an yi adalci. Ta kwalba, wadda kamfani ya yi, an gasa ƙwanta da zafin da ke kashe cuta, kuma tsaminta ya isa ya hana ƙwayoyin cuta sakewa. Ita kaɗai ba kasafai take cutarwa ba. Matsala na farawa ne in an cakuɗa ta da kabeji da dafaffen ƙwai da dankali. Ruwan kayan lambu ya tsinka tsamin, ga ɗanyen ganye da ba a san ruwan da aka wanke shi da shi ba, ga hannuwa da yawa. Hukumomin abinci a Amurka na cewa kada irin wannan ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Yanzu ka lissafa gidan bikinmu. An yanka kabeji da hantsi, an haɗa kafin Azahar, an zuba a roba kusa da shinkafa mai tururi an danne da murfi, an loda a bayan mota, ba a buɗe ba sai bayan La'asar. Na taɓa cin irin wannan a walimar wani abokin aiki, kwana biyu ina zarya, na ƙare da ƙarin ruwa leda uku. Ba laifin kwalba ba ne, laifin agogo ne da rana. Amma jiki ba ya wannan lissafin. Wani masani, John Garcia, ya nuna tun a shekarun 1950 da 1960 cewa ɓera in ya ci abu sannan cikinsa ya juya, ko da bayan sa'o'i ne, sau ɗaya ya isa ya guji wannan ɗanɗanon. Ni ma na fi shekara ko warin haɗin kabeji ba na so. Da yawa daga masu ƙin bama a garin nan, in ka bi diddigi, akwai wani biki a bayan ƙin.

Kwaɗonmu ya tsira daga wannan ne don ganyen dafaffe ne, ƙulin busasshe, kuma ana haɗawa ne a ci nan take. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce bamar gida da ake bugawa a injin markaɗe da ɗanyen ƙwai a zuba a robobi marasa suna ana sayarwa. Wannan babu abin da ya tsaya tsakaninka da cutar da ke cikin ƙwan sai sa'a. Masu sa kwalba a gidan ƙanƙara don gudun ɗaukewar wuta kuma, su ne ke buɗewa su tarar mai ya tsatso sama, don ƙanƙara na fasa haɗin.

Batun ƙiba ba zan daɗe a kai ba. Cokali guda na cin abinci yana ɗauke da kalori kusan 100, kusan duka mai. Gaskiya ne. Amma wanda ke wannan wa'azin da ludayin man shanu a hannu, ya fara ajiye ludayin.

Abin da na fi ganin shi ne tushen rigimar, ban taɓa jin wani ya ambata ba, kuma a robar Kawu na gan shi. A tsarin cin abincinmu, mahaɗi na hannun mai ci ne. Mai tsire zai naɗe maka nama ya zuba yaji a gefen takarda, kai za ka dangwala. Mai ɗanwake da mai shinkafa da wake za ta tambaye ka, a ƙara mai? A ƙara yaji? Ana kawo tuwo da kwalbar man shanu daban da gwangwanin yaji daban. Mai gyambon ciki ya tsallake, mai son gumi ya zabga. A faranti ɗaya mutum biyar za su ci, kowa ya gyara gabansa yadda yake so. Bama ta zo da wata ɗabi'a: mai girki ce ke yanke hukunci a madafa, ta juye kwalba ta cakuɗa, ta rufe, ta aiko. Ba ta tsincewa kamar albasa, ba ta karkaɗewa kamar yaji. In ta taɓa shinkafa ta taɓa. Da a ce yaji ne ake zabga wa kowa haka ba tambaya, da yanzu muna da ƙungiyar masu ƙin yaji. Mutumin da ya taso daga Wurno da asuba ya zauna da yunwa, ba don an ba shi abin da ba ya so ba kawai, don an hana shi hanyar kauce masa.

Me ya sa masu girki ke yin haka? Don bama a gidan biki ta wuce mahaɗi, ta zama shaida. Farin haɗin nan a gefen shinkafa yana cewa gidan nan an kashe kuɗi, amaryar nan ta iya girkin zamani. Ƙanwata da na yi mata maganar cewa ta yi, "Yaya, in na aika abinci babu salak dangin miji cewa za su yi rowa na yi, in na sa kaɗan su ce ban iya ba." Tsoron baki ne ke juye kwalbar, shi ya sa kabejin ke iyo. Tun da aka fara ƙulla ta a 'yan ƙananan ledoji ma ta sauko daga teburin masu hali zuwa teburin mai shayi, amma kwarjininta na biki bai ragu ba.

Kecaf, jan mahaɗin tumatir na kwalba, bai samu wannan matsayi ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sukari ne, Basakkwace kuwa bai saba haɗa zaƙi da nama ba, ga shi tumatir na Ramin Kura da miyar dage-dage sun riga sun tare wurin. Sai dai ya raɓa da bama ya shiga shawarma. Ita ma shawarmar abin lura ce. A ƙasashen Sham inda ta fito, markaɗaɗɗen riɗi ake zuba mata, ko wani farin haɗi na tafarnuwa da mai da lemun tsami da gishiri, wanda ake bugawa ya yi kauri kamar bama amma babu ƙwai ko ɗigo. Mu da tafarnuwar Wurno da Goronyo ke cika buhuna ana lodi zuwa kudu, mu ne muka bar wannan muka rungumi kwalba. Da masu shawarmar titin Ahmadu Bello za su gwada shi, da sun samu cinikin duk masu kukan ƙarni.

Ni dai matsayina a fili yake. Ina son ta siririya a cikin burodi mai zafi da soyayyen ƙwai da albasa, wurin mai shayi, da sanyin Janairu. Ba na son ta a kan ɗanwake, wanda na ga wasu 'yan mata sun fara yi, kuma ba na cin haɗin da ban san ƙarfe nawa aka haɗa shi ba.

Da aka zo sunan ɗan ƙanena bayan Babbar Sallah, na roƙi Gwaggo, wadda ita ke riƙe da madafa, a bar kabejin tsirara. Ta yi ta mita, ta ce za a ce ba a gama aiki ba, amma ta yarda. Aka fito da shi a babban tire, kwano uku a gefe: bama, yaji, da dakakken ƙuli. Kawu ya ɗebi kabeji da karas ya barbaɗa ƙuli da tonka, ya nemi a ɗiga masa man gyaɗa, ya cakuɗa da hannu ya cinye tas, har ya tambaya ko a fadamar Kwalkwalawa ake noma wannan ganye. Sau biyu aka ƙaro yaji. Kwanon bama kuwa yara ne suka gudu da shi bayan gida, na same su sun kewaye shi suna suɗe gefensa da gutsuren burodi.